Rumbun Geron da Ya Zaɓa Mana Ƙasa

Jami'in fasfo ya riƙe takarduna, wai sai na tabbatar asalinmu 'yan Najeriya ne. Ni mai digiri a hulɗar ƙasashen duniya!

Na garzaya Maigatari, bakin iyakar Nijar, wurin kakata.

"Hajiya, mahaifinki a wace ƙasa aka haife shi?"

"Ƙasar Gumel mana, ɗan boko. Yana goye Turawa suka zo kafa turakun iyaka. Ɗakinsu ya faɗa ɓangaren Faransi, rumbunsu ɓangaren Ingilishi. Kakana ya rantse ba zai kwana nesa da geronsa ba, aka ciccibo jinkar ɗakin aka tsallako."

Ashe duk diflomasiyyar da na haddace, rumbun gero ne ya mai da ni ɗan Najeriya.

Masana, ta yaya zan gabatar wa jami'in wannan gagarumar hujja?