Sha Ka Zuba

Mijina da mazaunansa ya zaɓa wa motata shakazoba, kuma har yau bai ba ni haƙuri ba. Ni ma na daina jira. Na rubuta ne kawai don a sani.

Motar tawa ce. Tsohuwar akori-kura ce mai ja da ƙafa huɗu, irin wadda masu safiyo suka ratsa daji da ita lokacin da ake auna filin Abuja. Da suka gama cin moriyarta aka yi gwanjonta, na saya da guminta na cinikin tukwane. Shi ke tuƙi don ni ban iya ba, saboda haka kowa motarsa yake cewa.

Sana'ata ɗauko tukwane da tuluna da randuna daga hannun matan Yangoji, in baje su a bakin hanya ta wajen Utako, lokacin gonaki sun fi gidaje yawa a can. Shekarun da gwamnati ta ɗauko kujerarta daga Legas ke nan. Kullum manyan motoci na shigowa da tebura da kabad, bayansu ogogi, bayan ogogi matansu. Matan nan suka gano randa, amma ba don ruwa ba. Randar da tsohuwa ta ɓata kwanaki tana ginawa tana gogewa don kada ta yi yoyo, sai madam ta saya ta ce a huda mata ƙasan, fure za ta shuka. Ni kuwa in huda. Kasuwa ta buɗe, ina ruwana da abin da za a zuba ciki.

Matsalar hanya ce. Daga wurin gashin tukwane zuwa kwalta hanyar ƙasa ce da ruwan damina ya sassaƙe, ga wani gangaren rafi a tsakiya. Wata rana na durƙusa zan ɗaura igiya, na hango baƙin mai yana bin jikin wani ƙarfe kamar guntuwar taɓarya a bayan taya.

Na ce, "Maigida, wannan fa?"

Ya ce, "Shakazoba ne. Shi ke shanye girgizar hanya."

"To me ya sa yake zuba?"

"Ba ki ji sunan ba? Sha ka zuba. Ya sha, yanzu yana zubarwa. Aikinsa yake yi."

Lokacin ban shiga ajin yaƙi da jahilci ba, sai da furfura ta fara fito mini na riƙe fensir. Na ɗauka Bature ne ya ari Hausa ya raɗa wa ƙarfe suna, har na ji daɗi. Ƙarfe ya ci gaba da sha yana zuba, tukwane suka ci gaba da tsagewa, mu kuma muna watsar da tsingaron a bakin rafin nan.

Masu zuwa gona suka gani, labari ya kai ga dattijuwar da ke shugabantar maginan. Ita ke cewa a ba wance kaya, a hana wane. Ta tare ni a gaban mota, da Hausarta wadda ba ta bambanta mace da namiji.

"'Yata, ka biya, mun sani. Amma ba don rafi muke gini ba. A kafaɗa muke ɗauko shi tun daga wuta har nan, ko ɗaya bai fashe ba. Akwai mai tifa yana ta roƙo mu ba shi kaya."

Na ce, "Mama, za a gyara."

Muka tafi wajen masu kayan mota ta ɓangaren Gudu, lokacin rumfunan langa-langa ne kawai. Mai wata rumfa ya fito da iri biyu. Ɗaya mai kauri ne, na ɗora duk nauyina a kansa da ƙyar ya lotsa, wannan na masu ɗaukar kaya a daji ne. Ɗayan siriri, fentinsa na ƙyalli, da hannu ɗaya ma sai ya shige. Ni ce mai motar, ni zan biya, amma fuskar mijina yake kallo.

"Oga, wannan mai laushi shi manya ke sawa. In ka zauna, kamar kana falo."

Na ce, "Mai kaurin nake so."

Ya ce, "Madam, wannan zai karya maka baya."

"Bayana ya saba. Tukwane nake ji."

Mijina ya ja ni gefe ya yi mini karatu. Wai ban san inda ƙasa ta dosa ba. Gwamnati ta zo, kafin wata damina kwalta za ta shiga kowane ƙauye har ƙofar kaji. Kuma ogogin nan duk fili suke nema, gobe wani zai ɗauki shatar motar a kai shi ganin fuloti, sai a jijjige masa tumbi? Na ce in kwaltar ta iso sai a sauya. Ya ce to, bari a duba. Na tsallaka sayen igiya, kafin in dawo an ɗaura masu laushin.

Har gwaji aka yi, kada a ce an cuce ni. Babu ko tulu ɗaya a baya, muka hau sabon titin nan mai faɗi wanda babu kowa a kansa sai fitilu. Ya jingina da kujerarsa, wadda bai daɗe da sa mata sabon soso mai kauri ba, yana lumshe ido.

"Maman yara, kin ji? Kamar katifa."

Na ce, "Tukwanena ba a gaba suke zama ba."

Ranar ɗaukar kaya aka cika bayan mota, an shimfiɗa ciyawa an ɗaure, har da wata babbar randa da dattijuwar ta gina da hannunta. Tun daga ramin farko motar ta fara rawa. In ta faɗa rami ba ta tsayawa, sai ta yi sama ta dawo, ta sake yin sama, kamar kwalekwale. Da muka gangara rafin, bayanta ya nutse har ƙarfe ya daki ƙarfe, na ji ƙarar da duk mai cinikin tukwane ke ji a hanjinta.

Na ce ya tsaya. Ya ce, "Ni ban ji komai ba."

Kuma gaskiya ya faɗa.

Dattijuwar na tafe a bayanmu za ta gona, da ƙwarya a kafaɗa. Ta leƙa bayan motar, ta ɗauki wuyan randarta ta juya shi, ta miƙo mini.

"Sauran ɗauka ɗaya, 'yata. In ya sake, kada ka zo."

Ban watsar da tsingaron ba wannan karon. Na tattara shi kaf a buhuna na mayar cikin mota. Mijina ya tambayi amfaninsa, na ce yana da aiki. A hanya yana ta ba ni baki, wai laifin ɗauri ne, wai ciyawar ba ta isa ba, wai ai ya ga masu safiyo sun kafa turaku a ƙauyen, kwalta na nan tafe. Turakun nan tun ina goyon ɗan autana suke tsaye, gara ta ci rabinsu. Na gane babu amfanin magana da kunnensa, tunda ba da shi yake sauraron mota ba.

Washegari da sassafe na ɗauki sifana na kwance soson kujerar direba, na kai shi baya na shimfiɗa inda randuna ke zama, na jera buhunan tsingaro a kai. A gurbinsa na ajiye katakon da nake yanka kuɓewa. Ya fito da makulli a hannu, ya buɗe ƙofa ya tsaya.

"Ina kujerata?"

Na ce, "Ta yi ƙaura. Ƙaura ake yayi yanzu."

Na zagaya na hau gefena, na ce masa Gudu za mu, a ɗaura masu kaurin a gwada su da kaya a baya, kuma ta hanyar tifofi mai ramuka za mu bi, ba ta sabon titi ba.