Gwaggo Laraba ta je ƙaryata mamaci

Duk wanda ya taɓa cin tuwo a rumfar Gwaggo Laraba, a bakin tashar Lafiya, ya san amsarta guda ce ga kowane labari: "Sai na gani." Ka ce mata an yi ruwa a Keana, sai ta gani. Ka ce matar wane ta haihu, sai ta ɗaga zanen goyo ta leƙa. Ranar da aka kawo akwatin rediyo ƙofar fada, jama'a na gaba suna saurare, ita tana baya tana neman ƙofar da mutumin ya bi ya shiga. Ni kaina da na dawo hutu daga makarantar 'yan mata na ce mata duniya a mulmule take kamar lemo, sai ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Abin da ƙanena ya sayar da akuyoyinsa a koya miki ke nan?"

Ba ni da haƙurin dogon bayani, kun sani. Bari in tafi kan tafiyarmu Farin Ruwa, tunda kowa na ba da labarin a karkace.

Mijinta, Baba Agbo, fataucin gishiri ya yi, daga Keana zuwa duwatsun Wamba a kan jakuna. Duk dawowar da zai yi sai ya zauna a bencin rumfarta ya ce akwai wani ruwa can da ke zubowa daga kan dutse, fari fat kamar nono, sai ka ɗaga kai hularka ta faɗi kafin ka ga samansa, kuma rani da damina ba ya ƙafewa. Ita kuwa tana kwasar tuwo za ta ce, "Ku ci abincinku, maigida ya fara." A gaban direbobi da 'yan dako fa! Har aka laƙa masa suna Baba Farin Ruwa, yara na binsa da shi a kasuwa. Shi dai murmushi yake yi ya ce, "Laraba, wata rana." Da wannan sunan aka kai shi kabari.

Bayan rasuwarsa wani direba baƙo, wanda bai san komai ba, ya zauna cin tuwo yana ba abokinsa labarin ruwan nan, tiryan-tiryan yadda Baba ke faɗa. Ludayi ya suɓuce wa Gwaggo. Da yamma ta aiko a kira ni.

"Talatu, ɗaura kayanki. Idan ruwan nan yana nan, to na zalunci bawan Allah shekara da shekaru a bainar jama'a. Idan babu, in kwanta in yi barcina."

Na ce, "Gwaggo, a wannan sanyin? Ki bari sai damina mana, an ce lokacin ya fi cika."

"Da damina ko indararon gidana Farin Ruwa ne. Cewa ya yi ba ya ƙafewa. Yanzu zan kama shi."

"To ni mene ne nawa a ciki?"

"Ke ce kika yi boko. Idan Turanci ake yi wa ruwan, sai ki yi masa."

Muka hau bayan lori da sassafe, sanyi kamar zai tsinke wa mutum kunne. Na ba ta suwaitata ta makaranta, ta ce ita ba za ta shiga buhun Nasara ba. Ashe ta yi nata shirin: kasko ne cike da garwashi ta ajiye tsakanin ƙafafunta, ta lulluɓe shi da tsohon bargon Baba. Direba ya hango hayaƙi, ya taho a guje.

"Mama, don Allah! Garwar fetur ce fa kusa da ke! Wuta zai kama!"

"Ka taɓa gani ya kama?"

"Wallahi na gani!"

"To ni ban gani ba."

Ban tsaya jin sauran ba. Na fizge kaskon na juye a ƙasa. Har muka isa Akwanga, duk ramin da motar ta faɗa sai ta ce wa matar da ke gefenta, "Kin ga tarbiyyar makaranta."

A Akwanga aka tsaya cin abinci. Ku tuna, matar nan ta ƙare rayuwarta tana sayar wa mutane abinci, amma ita ba ta taɓa sa na saye a bakinta ba. Cewa take, ita ta san abin da ake yi a bayan rumfa. Ni dai yunwa ta ci ni, na shiga rumfar wata mata mai suna Saratu na ce a ba ni sakwara da miyar riɗi. Gwaggo ta zauna gefe tana gurgurar ƙuli-ƙulinta, idonta na cikin kwanona. Can ta ce, "Ɗiga mini nan." Na ɗiga mata a tafin hannu, ta lasa, ta runtse ido.

"Me miyar nan ta yi wa matar nan?"

Kafin in riƙe ta har ta zagaya murhu. Ta kwance bakin zaninta, ga gishirin Keana, ga daddawa, ga garin barkono. Saratu ta riƙe ƙugu.

"Mama, wannan tukunya tawa ce fa!"

"Na sani, 'yata. Shi ya sa nake tausayinta. Rage wutar nan, miƙo muciya."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Amma kafin direba ya busa ƙaho, fasinjojinmu sun yi layi, Gwaggo na zubawa, Saratu na dariya tana wanke kwanuka. Sannan Gwaggo ta zuba wa kanta, ta zauna ta cinye tas, ta suɗe yatsu, ta dube ni.

"Ashe abincin waje ba laifi."

"Gwaggo, ke kika dafa!"

"A waje dai na ci."

Muka kwana a Wamba. Daga ƙauyen ƙarshe babu hanyar mota, sai ƙafa, wani dattijo manomi na gaba yana nuna mana. Raɓa ta jiƙa mini takalma, haƙorana na kaɗawa, ina ta mita. Tun daga nesa muka fara jin rugugi. Gwaggo ta ce jirgin ƙasa ne. Dattijon ya ce nan ko jaki da ƙyar yake zuwa. Da muka fita daga cikin itatuwa, sai ga wani farin layi ya sauko daga saman dutse har ƙasa. Ta ce, "Wata ce ta shanya zani." Amma muryarta ta riga ta canja, kuma ta daina jirana.

Sai da ta kai gindinsa. Feshin ruwan ya jiƙe ta sharkaf, sanyinsa kamar allura. Ta ɗaga kai, ta ƙara ɗagawa, ɗankwalinta ya zame ya faɗi baya, ba ta ko waiwaye shi ba. Ta tara hannu ta kurɓa. Ta ce, "Ba gishiri."

Can ta ce, "Talatu, matsa can."

Na matsa, amma ba nisa, kuma dole ta ɗaga murya saboda ƙarar ruwan, don haka na ji komai.

"Maigida, na gani. Ka yafe mini." Ta share fuska da gefen bargon. "Amma kai ma da laifinka. Ba ka iya ba da labari ba. Abu kamar wannan, ka tsaya kana cewa nono?"

Da muka dawo Lafiya ba ta ko shiga gida ba. Ta tsaya tsakiyar tasha, mura ta shaƙe mata murya, ta ce kowa ya ji, Baba Agbo mai gaskiya ne, ita ce ta yi kuskure. Ta kwatanta musu ruwan da hannu biyu. Matan kasuwa suka dubi juna. Wata ta ce, "Kai, Laraba! Ke ma kin fara?" Ranar sai da aka rirriƙe ta.

Daga nan har ciwonta na ƙarshe, duk wanda ya kira marigayi da sunan tsokanar nan ba ya cin tuwonta, ko da Sarkin Tasha ne. Sai ya ce Malam Agbo, sannan a miƙa masa kwano.

Allah Ya jiƙan Gwaggo Laraba, Ya yafe mata kaifin bakinta. Allah Ya isar wa Baba da saƙon da ta bayar a gindin dutsen nan, Ya sanyaya musu makwanci su biyun. Amin.