Rediyon da Na Kwana a Kansa

Shekarun baya, ba a daɗe da samun mulkin kai ba, ina aure a wani ƙauye tsakanin Funtuwa da Malumfashi, ɗauke da cikin fari. Kusa da mu akwai gonar gwajin auduga. Da Turawan wurin za su tashi, sai suka binne wani abu a bayan gonar, suka kewaye da waya. Tafintansu ya ce tsohon kayan awon ƙasa ne, doka ta hana a yar a juji, mayar da shi Turai kuma tsada. Sunan abin dogon Turanci ne, kunnenmu bai riƙe komai ba sai "rediyo".

Maigidana kuwa ya daɗe yana mafarkin rediyo. Da damina ta zaizaye ramin, sai ga shi da wata 'yar tukunyar darma a kan jaki, ƙarama amma nauyi kamar dutsen niƙa. Maƙeri ya yi ya yi, ta ƙi buɗuwa. Aka tura ta ƙarƙashin gadona. Ni kuma sarauniyar wayo, kullum sai na kara kunne ko zan ji Kaduna.

Wata ranar kasuwa sai ga dagaci da wani ma'aikacin gwamnati, riƙe da ɗan akwati mai ƙarar ƙas-ƙas. Suna doso ɗakina ƙarar na ƙaruwa.

"Kun ji ko? Ya kama tasha," in ji maigidana.

Babu wanda ya yi dariya. Ma'aikacin ya leƙa ƙarƙashin gadon, sannan ya dubi cikina.

"Baiwar Allah, a nan kike kwana?"

Na ce e.

"Guba ce a cikin tukunyar nan, ba a ganinta, ba ta wari, amma tana ratsa jiki. Ta fi yi wa ɗan ciki illa. An buɗe?"

Maigidana ya girgiza kai.

"To, da sauƙi. Sauran sai an haihu."

Suka tafi da ita, suka bar ni da wannan magana. Ban taɓa jin tsoro irin na watannin nan ba. In ɗan ya motsa in firgita, in ya yi shiru in fashe da kuka. Da na sauka, ban tambayi ungozoma mace ko namiji ba, cewa na yi, "Inna, da yatsu?"

Lafiya lau ta zo. Yanzu har jikoki gare ta, amma ko tari ta yi a waya, sai gabana ya faɗi.

Daga baya maigidana ya sayo rediyo na gaske. Har ya rasu, bai taɓa shiga da shi ɗakina ba.