Tabarmin da Muka Shimfiɗa Sau Biyu

Ni na kawo su gidanmu, gara in faɗa tun yanzu. Ina ajin ƙarshe a lise, wato sakandare, masu shirya fim suka shigo unguwarmu Gardole suna neman tsohon gida mai zaure. Na ce ga namu. Baba ya yi ta jan ƙafa, na dame shi har ya ce, "To, kalas, shi ke nan, su zo."

Labarin fim ɗin gajere ne. Wani mutum ya yi shekaru ba ya magana da ƙaninsa, ya taso daga ƙasar waje don su shirya, ya iso ya tarar an dawo daga binne shi. Zaman makokin ne aka ɗauka a gidanmu. Suka shimfiɗa tabarminmu, suka jera butoci, suka zaunar da Baba a zaure yana karɓar gaisuwa.

Goggo, yayar Baba, ta toge a bakin ƙofa.

"Ke 'yar nan, wa ya rasu?"

"Wasa ne, Goggo."

"Makoki babu gawa? Kun yi wa mutuwa shimfiɗa, ai kuwa za ta zo ta zauna."

Tsaki na yi.

Kafin fim ɗin ya fito Baba ya rasu. Zazzaɓi ne, kwana huɗu. Tabarmin nan dai aka shimfiɗa, kusan kowa ya koma inda ya zauna ran ɗaukar fim.

Da fim ɗin ya fito, baki ya rabu. Masu sharhi a jaridun Faransanci suka ce zaman makokin shi ne ruhin fim ɗin. Wani a rediyo ya ce barci yake sa mutum, ana ta "Allah ya jiƙansa" babu abin da ke faruwa. Ƙawayena rabi suka yi kuka, rabi suka tashi a tsakiya. 'Yan unguwa kuwa ba ruwansu da labarin, gidanmu kawai suke nunawa da baki.

Duk ba su dame ni ba. Inna ce damuwata. Tun ran bakwai ba ta ƙara kallona ido cikin ido ba, kuma ta hana a ambaci fim ɗin.

Wata rana da la'asar tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba ta ce, "Yana cikin wayarki?"

Na kunna mata. Ga Baba a zaure, da ransa. Aka yi masa ta'aziyya da Larabci, harshen da aka yi fim ɗin da shi, ya manta, ya amsa da Hausa kamar yadda yake yi a gida: "Amin, amin, mun gode."

Sau uku ta sa na mayar baya. Sannan ta dube ni, sosai.

"Hularsa ta karkace. Kina tsaye ba ki gyara masa ba?"

"Ban lura ba, Inna."

"Kada ki goge shi."

Ban goge ba. Amma tabarmin suna nan a naɗe a bayan ƙofar zaure, kuma ko baƙi sun cika gidan, ba ni nake ɗauko su ba.