Wai Za a Binciki Hankalin Me-ya-sa

Labari ya zaga dangi cewa 'yar'uwarmu Me-ya-sa ta zare, wai har an aiko da jirgi daga ƙasar waje a ɗauke ta a buɗe kanta a ga abin da ya kwance. Gwaggo ta yi kuka har ta jiƙa mayafinta, ta aika maƙwabta a aro mata wani.

To ku share hawayenku, ƙarya ce. Wata jami'ar ƙasar waje ce ta ba ta gurbin karatu, ta je ta yi nazarin yadda mutum ke tunani da tunawa da mantuwa. Ta ce wa Gwaggo a waya, "Zan tafi binciken hankali." Gwaggo kuwa, da kunnenta na hagu ya daɗe da yin ritaya, sai ta ji "za a binciki hankalina." Shi ke nan fa.

Mu da muka tashi tare da ita ba mu ga laifin Gwaggo ba. A shagon mahaifinta, Kawu mai gyaran rediyo, ta samo wannan suna. Ɗan ɗaki ne mai warin narkakkiyar dalma, rediyoyi ba murfi jere a kan kanta, da benci mai gajeriyar ƙafa da aka tokare da bulo. Nan take zama tana lilo da ƙafafu, tana jefa wa bawan Allah tambayoyin da za su sa liman ya nemi ruwa.

"Baba, ɗazu da ka manta inda ka ajiye almakashi, ina tunanin ya tafi kafin ya dawo?"

Kawu ba ya ko ɗago kai. "Yana nan. Tashar ce ta goce."

Maganar ta zauna a gidan. Duk wanda ya yi mantuwa sai a ce tasharsa ta goce. Ni dai tawa ta goce tun ina aji uku, har yau ba ta dawo ba. Ita kuwa ta yi ta karatu har ta zama malamar makaranta, kuma duk sanarwar gurbin karatu da ta gani sai ta nema. Ana hana ta, tana sake nema.

Da gurbin ya zo, sai ya tarar tashar Kawu ta fara gocewa da gaske. Wani lokaci da sunan Gwaggo yake kiran ta. Tsoronta ɗaya: ta tafi, ta dawo ya tambaye ta wa take nema. Ta kusa cewa ta fasa.

Da hantsi ta same shi a shagon, wanda yanzu ba mai kawo gyara, ta zauna a tsohon bencin ta faɗa masa komai. Ya dube ta ya ce, "Ke 'yar gidan wa ce?" Ya jawo wata matacciyar rediyo yana murɗawa a hankali, can ya ɗago.

"Me-ya-sa, har yanzu ba ki gano inda tunanin yake tafiya ba?"

"Ban gano ba, Baba."

"To zaman me kike yi? Je ki tambayo mana. In kin dawo kin tarar tashar ta goce, ki yi ta murɗawa, ina nan ciki."

Ranar da take haɗa kaya na leƙa ɗakinta na ce, "Malama, in sun gama binciken hankalin naki, za su dawo mana da shi ko sai mun bi sawu?"

Ko juyowa ba ta yi ba. "Na so in tafi musu da naka, suka ce ba sa binciken abin da babu. Kai za ka riƙa zama da Baba a shago kullum. Shi ya manta, kai ba ka taɓa sani ba, hirarku za ta zo daidai."