Jirgin da Muka Ƙera wa Kaka

A Jidda ta ƙuruciyata babu jirgin ƙasa. Akwai jiragen ruwa masu sauke alhazai, akwai manyan motocin da ke kwashe su zuwa Makka, amma layin dogo ko taku ɗaya babu. Duk da haka mu yaran wani lungu a unguwar Karantina muna ganin mun san jirgin ƙasa ciki da waje, domin kusan kullum bayan magariba muna hawansa a bakin murhun kakata, Hajja Tabawa.

Suyar gyada ce sana'arta. Takan zuba yashi a kasko ta ɗora a wuta, ta riƙa juyawa da wani tsohon ludayi, mu kuma mu kewaye ta, bayanmu jingine da bangon langa-langa da bai gama hucewa daga zafin rana ba. Hayaƙin shekaru ya cinye yawancin ganinta, saboda haka da hanci take sanin gyada ta soyu, da murya take sanin wanda ya zo. Da ta ji tawa sai ta ce, "Ga mijina ya iso, hannu rabbana kamar kullum."

Ba ta buɗe tatsuniya kamar sauran tsofaffi. "Ga ta nan tafe da hayaƙi," take cewa.

Mu amsa da iyakar muryarmu, "Ta tsaya mu hau!"

Wadda muka fi so ita ce ta Dogo mai ido ɗaya. Wata mata ce ta baro ƙasar Katsina da ƙafa, ta nufi gabas. Tana tafe tana yada zango, ta yi wa wannan noma, ta tsinci audugar wancan a Sudan, har ɗan da ta fito da shi a goye ya fara riga ta tafiya. Ran nan a bakin wani gari ta tarar da Dogo kwance, baƙi wuluk, yana cin garwashi yana shan ruwa ta bututu. Ya ce zai kai ta bakin teku, amma da sharaɗi. Idonsa ɗaya ne, a goshi yake, kuma ba a ba shi ikon waiwaye ko ratse hanya ba. "Ki hau bayana," in ji shi, "ki juya fuskarki yamma, ki riƙa gaya mini abin da na wuce." Ta hau, ta tarar da gari guda a kan rufinsa, da mai shayi, da mai akuya, da malami rungume da gafakarsa. Ta yi ta ba shi labari: ga raƙuma, ga kogi, ga yara suna ɗaga hannu. Duk lokacin da gyangyaɗi ya ɗauke ta ta yi shiru, sai Dogo ya tsaya cik a tsakiyar daji, ba ya motsi sai an tashe ta. Da haka suka kai teku.

"Kaka, wace ce matar?"

"Wata mai surutu ce," in ji ta. Dukanmu mun san ita ce, kuma ɗan goyen nan babana ne.

Wata shekara Kawu, ƙanen babana, ya zo ya ce da an gama aikin hajji zai ɗauke ta ta koma wurinsa a Madina, inda take so ta ƙarasa kwanakinta. Ni da Bakur, ɗan ƙanwar babana, muka ƙulla cewa za mu ƙera mata Dogo kafin ta tafi, ta taɓa shi da hannunta ta ce shi ne. Ko a hoto babu wanda ya taɓa ganin jirgin ƙasa a cikinmu. Bakur ya girme ni, ya kuma fi ni iya almakashi, don haka shi ya yanke hukunci.

"Mota ce doguwa, halas, shi ke nan," ya ce, yana gauraya Hausa da Larabcin Jidda kamar kullum. "Yalla, mu je bakin tashar ruwa mu duba."

Muka je muka ƙare wa motocin alhazai kallo. Muka tara gwangwanin madara, muka yanko tayoyi daga tsohon silifa, muka lanƙwasa waya ta zama sitiyari, muka shafa masa ja da kore da ragowar fentin wani maƙwabci. Ranar da muka ja shi zuwa gida, yaran lungu kaf suna biye da mu suna ihu.

Kaka ta ajiye ludayi ta shafa shi daga gaba zuwa baya. Yatsanta ya tsaya a kan wayar nan.

"Wannan lorin alhazai ne," ta ce. "Wa ya ce muku Dogo yana da sitiyari? Da yana iya juyawa, me zai sa ya roƙe ni labari? Ina hanyarsa? Ina jama'a?"

"Ai ba ki faɗa ba, ya sitti!" in ji Bakur, wanda da Larabci yake kiran kaka, yana neman fashewa da kuka.

"Na faɗa. Kana can kana satar mini gyada."

Alhazai sun riga sun fara cika gari, lokaci ya ƙure. Muka koma bakin murhu, wannan karon da tambayoyi. Ƙafafunsa nawa? Da me aka yi hanyar? Ta ce sanduna biyu ne na ƙarfe, kwance a kan itatuwa, ba sa haɗuwa ba sa rabuwa. Muka tsinto ɗaurin ƙarfen da ake yarwa idan an kwance akwatunan kaya, muka kafa biyu a tsaye a kan guntayen katako. Tayoyin silifa suka ƙi zama a kai, sai zamewa suke yi. Bakur ne ya shigo da gudu wata rana da 'yan katakon da ake naɗe zaren keken ɗinki, ya roƙo su wurin tela.

"Duba bakinsu! Duba yadda suke kama ƙarfen!"

Muka yi ta tsalle kamar an ba mu Jidda kyauta. Muka kankare fenti, muka shafe jirgin da baƙin gindin kaskon Kaka, muka liƙa masa murfin kwalba ɗaya a goshi. Jama'a kuwa gyada ce mai ɓawo, muka jera su a rufi da ƙaro. Ta ƙarshe na juya ta tana kallon baya, na ɗaura mata wata 'yar ƙarama da zare.

Yammacin da za a yi suyar ƙarshe muka shimfiɗa hanyar a gefen murhu. Hannun Kaka ya bi ƙarfen, ya hau tayoyi, ya bi jama'ar rufi ɗaya bayan ɗaya, har ya kai kan mai goyon. Can ya daɗe. Sannan ta janye shi. Bakur ya jefa garwashi da ɗan jiƙaƙƙen tsumma a cikin gwangwanin gaba, hayaƙi ya tashi ta bututu, ya ja igiya. Dogo ya motsa! Yara suka kaure da sowa, har matan maƙwabta suka leƙo ta kan katanga.

A tsakiyar hanya ya tsaya cik. Taya ɗaya ta cije. Bakur ya ja, ya sake ja, gumi yana zubo masa, ni kuwa na ji kamar ƙasa ta buɗe in shige.

Sai Kaka ta ƙyalƙyale da dariya har tana share ido da gefen mayafi.

"Ku bar shi, ba laifinsa ba ne. Ai ni ce na yi shiru." Ta gyara zama ta juya fuskarta yamma. "To, Dogo, ga raƙuma can muna wucewa. Ga kogi. Ga yara suna ɗaga hannu."

Bakur ya ɗan girgiza igiyar, tayar ta saki, jirgin ya tafi har ƙarshen ƙarfe. Ta lalubo kaina ta dafa.

"Shi ne, mijina. Yau kam ba ka zo hannu rabbana ba."

Har yanzu ina ƙera ƙananan jirage, sai dai da ma'auni da madubin ƙara girma. Idan muka haɗu da masu irin wannan sha'awa, gardamar ba ta sauyawa: wasu sun ce abin da mutum ya gani yana yaro shi yake ƙerawa har ya mutu, wasu sun ce jirgin da ke wucewa yau ya fi cancanta. Na daɗe ina cewa ni ɗan ɓangaren farko ne, amma da na duba da kyau sai na ga ba daidai ba ne. Ban ga jirgi ina yaro ba. Tunawar ta Kaka ce, kayan aikin kuwa na Jiddar wancan lokacin ne, gwangwaninta da ƙarfen tasharta da katakon telanta, kuma da ɗaya ya ɓace da Dogo bai motsa ba.

An rushe lungunmu na Karantina. Yanzu akwai farin jirgi mai gudu da ke bi ta Jidda zuwa Madina, inda Kaka take kwance, shi ma na ƙera shi kuma ina son sa. Duk sanda na shiga, kujera mai kallon baya nake nema. Kwanan baya na tafi da jikata, ina ta nuna mata abin da muka wuce, ga tsauni, ga raƙuma, ga wata rijiya.

"Ya jaddi," ta ce, wato kakana, "wannan fa ba ya tsayawa ko ka yi shiru."

Na ce mata na sani. Amma ban yi shiru ba har Madina.