Dutsen da ya koma rairayi cikin ƙwarya

Igiya na ɗaure a ƙuguna, ƙafata guda ta shiga bakin rijiya, sai Baba ya riƙe mini hannu.

A Gangara ne, zamanin Turawa, ina saurayi mai koyon ginar rijiya. Mun yi zurfin gaba goma munka iske jan dutse. Baturen da ke duba aikin ya ce tunda an kai dutse, ba sai an ɗaure rijiyar da siminti ba, in sauka in ci gaba.

Baba ya ce, "Ranka shi daɗe, ɗana ba shi sauka."

Dogarin hakimi da ke rakiyar Bature ya gyara riƙon bulala.

Bature ya ce, "Dutse ne fa!"

Baba ya ɗauki guntun da munka fiddo, ya jefa cikin ƙwaryar ruwan shanmu. Munka zuba ido. Can sai dutsen ya fara zubewa, har ya kwanta ƙasan ƙwarya.

Baba ya ce, "Rairayin gulbi ne, nauyin ƙasa ya danne shi har ya daskare. In ruwa ya taɓa shi, rairayi za shi koma, bisa kan ɗana."

Bature ya daɗe yana murza rairayin da yatsa. Sannan ya ce a kwance ni, a jira siminti.

Jiya jikata ke karanta mini darasinsu na yadda rairayi ke zama dutse, dutse ya koma rairayi. Na ce mata, Baba bai yi boko ba, amma da bai san darasin nan ba, da ba a haife ki ba.

Ku fa, wane sanin iyaye ne ya taɓa tsirar da ku?